Me ya sa wayata ta riga ni faɗin abin da ban gaya wa kowa ba?

Amaryar Bara: Assalamu alaikum 'yan zaure, da fatan an wuni lafiya. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in kawo ta nan. Makonni uku da suka wuce na yi wani bincike a wayata, irin wanda mace kan yi idan ta fara jin sauyi a jikinta, mata za su gane. Daga ni sai maigida muka sani, ko mahaifiyata ban iya buɗe baki na gaya mata ba, kun san kunyar fari. To tun daga ranar, duk inda na leƙa a wayar nan sai tallan kayan jarirai: baho, shawul, gadon jariri, maganin ƙarin jini. Shekaranjiya ƙanwar maigida ta karɓi wayar za ta yi wasa, ina kicin ina tuƙa tuwo, sai na ji ta ƙwala kira, "Anti, me ya sa wayarki ta cika da kayan haihuwa?" Sai da na saki muciyar. Kafin magariba zance ya isa gidan surukaina.

Alheri ne, na sani, ba abin ɓoyo ba. Amma ni na so in zaɓi ranar da zan faɗa da bakina. Don Allah masana, yaya ake tsayar da abin nan? Wayar Android ce.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya, ƙanwata. Ni dai na faɗa na sake faɗa, wayoyin nan sauraronmu suke yi. Ranar da muka yi hirar sayen firji da maigida a falo, ko taɓa waya ban yi ba, washegari tallan firji ya fito min. In ba kunne gare ta ba, ta yaya?

Mai Gyaran Waya: Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Shekara tara ina gyaran waya a Farm Centre a Kano, kuma kusan kullum sai wani ya zo min da irin wannan ƙorafi. Ki ɗauki wayar a hannu, mu bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, domin ba ƙofa guda ba ce.

Ta farko tana cikin wayar kanta. Kowace Android tana da wata doguwar lamba da ake kira lambar talla. Manhajojin da ke wayarki, har da wasan da yarinyar ta buɗe, suna iya karanta ta. Ba sunanki ne a jiki ba, amma tana aiki kamar lambar mota: wannan ya ga motar a asibiti, wancan ya gan ta a kasuwa, dillalan talla su haɗa bayanan su ce mai motar nan ga abin da take nema. Ki shiga Settings, ki nemi Google, sannan Ads. A wasu wayoyin yana ƙarƙashin Privacy. In kin rasa, ki rubuta "ads" a wurin bincike na saman saitin. Za ki ga "Delete advertising ID", ki danna. Google ya fara ba da wannan zaɓi ne a ƙarshen 2021 da Android 12, daga baya ya kai ga tsofaffin wayoyi. Idan kin goge, duk manhajar da ta tambayi lambar jerin sifili za a ba ta.

Ta biyu asusunki na Google. Ki buɗe myadcenter.google.com, a sama akwai "Personalized ads", ki kashe. A nan ɗin ma akwai sashen batutuwa masu sarƙaƙiya da za ki iya taƙaitawa, guda biyar na san su: giya, caca, neman abokin soyayya, rage ƙiba, da kuma juna biyu da renon yara. Kin ga su kansu sun san cewa batunki ba irin na a baza a faifai ba ne. Daga nan ki je myactivity.google.com ki goge binciken da kika yi, ki saita shi ya riƙa gogewa da kansa duk wata 3.

Bari in sallami wani kwastoma, zan dawo kan ta uku.

Amaryar Bara: Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na goge lambar yanzun nan. Yana nufin ba zan sake ganin talla ba ke nan?

Mai Gyaran Waya: A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke jin kamar an yaudare su. Talla zai ci gaba da zuwa, yawansa ma ba lallai ya ragu ba. Abin da ya canza shi ne ba a auna shi da jikinki ba. Za ki ga na siminti, na banki, na data, irin wanda ake watsa wa kowa. Hana a keɓance miki talla daban, toshe talla gaba ɗaya daban.

Ƙofa ta uku ita ce Facebook da Instagram, kuma su ba su dogara da lambar nan kaɗai ba tunda da asusunki kike shiga. Ki shiga saitinsu, Accounts Centre, Ad preferences. Ki nemi "Activity information from ad partners" ki zaɓi a'a. Sannan a sashen bayananki akwai "Your activity off Meta technologies". Wannan ina so kowa a zauren nan ya buɗe yau ya gani da idonsa. Jerin shafuka da manhajoji ne da suka aika wa kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, labarin cewa kun ziyarce su. Shafuka da yawa suna dasa wani ɗan guntun shiri da ake kira Meta Pixel, da zarar kin buɗe shafin ya kai rahoto. Ki share na baya, ki cire haɗin na gaba.

Uwar Biyu: To Malam, ni ba ka amsa min tawa ba. Firjin fa?

Mai Gyaran Waya: Yi haƙuri Yaya, ban manta da ke ba. Tambaya ɗaya: bayan hirar, maigida ya duba farashin firji a tasa wayar? Kuma kuna jona data daga waya ɗaya ko wayfai ɗaya?

Uwar Biyu: Na tambaye shi yanzu. Ya ce ya duba a daren. Kuma eh, da hotspot ɗinsa nake hawa in tawa ta ƙare.

Mai Gyaran Waya: To kin ga hanyar. Wayoyi biyu sun fito intanet ta ƙofa ɗaya, suna kwana a gida ɗaya, lambarsa tana cikin wayarki, taki tana cikin tasa. Ba sa bukatar kunne kafin su yi hasashen gida guda ne. Shi Mark Zuckerberg, shugaban kamfanin Facebook, an yi masa tambayar nan a Majalisar Dattawan Amurka a watan Afrilun 2018, ya ce ba sa sauraron mutane ta makirufo don talla. Ban ce ki ɗauki maganarsa ki rufe ido ba. Ki duba da kanki: daga Android 12 zuwa sama, duk lokacin da wata manhaja ta kunna makirufo ko kyamara wani koren ɗigo yana bayyana a saman fuskar wayar. Kuma a cikin Permission manager za ki ga duk manhajar da kika ba izinin makirufo. Wadda ba ta da dalili, ki ƙwace. Me tocila ko kalkuleta za ta yi da muryarki?

Uwar Biyu: Na ji, amma zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Na dai cire izinin manhajoji shida yanzu.

Hajiya Mai Turare: Ina ta karanta ku tun ɗazu, bari in faɗi nawa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Da tallan nan da kuke son kashewa nake ciyar da marayu huɗu. Turaren wuta da humra nake haɗawa a ɗakina, ba ni da shago a Kwari, ba ni da kuɗin talla a rediyo. Idan na sa 'yan dubbai a Instagram, nakan zaɓi mata, masu shekara 20 zuwa 45, a Kano da Kaduna da Abuja, masu sha'awar kayan ƙamshi da na amare. Shi ke nan. Wallahi ban taɓa ganin sunan kowa ko lambar kowa ba, sai wadda ta yi min magana da kanta. In kowa ya kashe, kuɗina zai tafi wajen nuna wa tsoho mai sayar da taya humra. Manyan kamfanoni ba abin da zai same su, mu ƙanana ne za mu ji a jika.

Ke kuma Amarya, na tausaya miki, amma ba gara ki ga abin da kike bukata ba da a cika miki waya da tallan caca?

Ɗalibar Shari'a: Hajiya, Allah ya sa wa sana'arki albarka, kuma babu mai cewa ke kika yi laifi. Amma ki duba wani abu. Dillaliya tana shiga gidajenmu, ta san wadda za ta aurar da 'ya, ta kawo mata kwanuka da zannuwan gado. Ba mu ƙi ta ba, saboda da sallama ta shigo, mun san fuskarta, kuma ranar da ta fara kwasar zancen gidanmu tana kaiwa maƙwabta za mu ce ta daina zuwa. Wannan kuwa dillaliya ce da ba mu ga shigowarta ba, tana tsaye a bayan labule, kuma abin da ta ji ta nuna wa duk wanda ya ɗauki wayar. Amarya ba ta ce ba ta son baho ba. Cewa ta yi ba a tambaye ta ba.

Kuma in aka tambayi mutane a fili, amsar takan bambanta. A watan Afrilun 2021 Apple ya fito da iOS 14.5, wanda ya tilasta wa kowace manhaja ta nemi izini kafin ta bibiyi mai iPhone a wasu manhajoji. A farkon 2022 kamfanin Meta da kansa ya shaida wa masu hannun jari cewa sauyin zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a shekarar. Wannan kuɗi na mutanen da suka ce a'a ne da aka ba su dama.

Hajiya Mai Turare: 'Yata, misalin dillaliyar ya shige ni. Amma ai duk wanda ya buɗe asusu ya danna cewa ya yarda. Kyauta muke amfani da shi, ba ko sisi. Su da me za su biya ma'aikatansu?

Ɗalibar Shari'a: Da talla, Hajiya, ban musa ba. Rediyo ma da talla yake rayuwa, amma bai san abin da na tambayi likita ba. Kuma wannan "na yarda" ɗin, doguwar takarda ce cikin Turancin lauyoyi, wadda in ba ka danna ba ba za ka shiga ba. Hukumomi ma sun ce hakan bai wadatar ba. A watan Janairun 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci tarar Meta yuro miliyan 390, saboda ya cusa yarda da keɓantaccen talla cikin sharuɗɗan buɗe asusu. A nan Najeriya an sa hannu kan Dokar Kare Bayanai a watan Yunin 2023, kuma ta ba mutum 'yancin ya ƙi a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya kai tsaye. A watan Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Najeriya, ciki har da zargin cewa ba a yi mana adalcin da ake yi wa masu amfani da shi a wasu ƙasashe.

Abin da ke ƙona min rai shi ne duk waɗannan maɓallan da Malam ya lissafa a kunne suke zuwa, sai wanda ya sani ya je ya tono su. Mahaifiyata tana da waya, ba ta karatun boko. Wa zai kai ta Accounts Centre?

Hajiya Mai Turare: A nan kam na yarda da ke. Da tambaya suke yi da Hausa tun farko, wadda take so ta bari, wadda ba ta so ta kashe, ni ba ni da ja. Masu son ƙamshi za su bari, su nake nema.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Malam Mai Gyara, tawa wayar da Faransanci take, ban ga abin da kake faɗa ba. Kuma ni damuwata ba sirri ba ce kaɗai, data ce. In sayi ta jaka guda in buɗe shafin labarai, bidiyon talla ya kunna kansa, kafin in karanta layi uku an sha rabi. Ni toshewa nake so gaba ɗaya.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A taka Paramètres ne, sannan Google, Annonces, sai "Supprimer l'identifiant publicitaire".

Batun toshewa kuma, mu fara da burauza. Chrome na waya ba ya karɓar ƙarin kayan toshe talla. Abin da za ka iya yi a cikinsa shi ne ka shiga saitin sirri ka toshe kukis na waje. Kukis ƙananan bayanai ne da shafuka ke ajiyewa a burauzarka, na waje kuwa su ne waɗanda ba na shafin da kake ciki ba, su ne ke bin ka daga shafi zuwa shafi. Google ya yi alƙawari a 2020 cewa zai kawar da su daga Chrome, aka yi ta ɗagawa, a watan Yulin 2024 ya ce ya fasa. Safari da Firefox kuwa sun daɗe da taka musu birki ba sai ka taɓa komai ba. In toshe tallan kansa kake so, ka sauke Firefox ka ƙara masa uBlock Origin, kyauta ne, ko ka yi amfani da Brave wanda ke zuwa da matoshinsa a kunne.

Ga tallan cikin wasanni da ƙananan manhajoji akwai wata dabara. Daga Android 9 zuwa sama, a saitin sadarwa akwai Private DNS. Ka rubuta dns.adguard-dns.com ka adana. Duk lokacin da manhaja ta nemi adireshin wani rumbun talla, sai a ƙi ba ta. Amma gaskiya biyu zan gaya maka. Ba ya hana tallan YouTube ko na cikin Facebook, domin tallansu da abin da kake kallo daga gida ɗaya suke fitowa. Sannan ka miƙa wa wancan kamfanin sanin sunayen shafukan da wayarka ke nema, wato amana ce ka ɗauke daga wani hannu ka sa a wani. In ka ga wata manhaja ta ƙi aiki bayan ka saka, ka mayar da shi yadda yake ka gwada.

Mai Shafin Labarai: Ina roƙon alfarma ɗaya a nan. Mu uku ne muke rubuta labarai da Hausa a shafinmu, ɗan abin da talla ke kawowa da shi muke biyan kuɗin rumbun shafin da datar aiki. uBlock Origin da Brave da Malam ya ambata suna da maɓallin da za ka ɗage wa shafi ɗaya. Wanda kuke karantawa kullum kuma bai dame ku da bidiyo mai kunna kansa ba, ku ɗage masa. Masu cika shafi da talla har rubutu ya ɓace, su suka jawo mana, ba na kare su.

Ɗan Damagaram: Wannan adalci ne. Zan yi haka.

Mai Gyaran Waya: Bari in ƙara wanda na fi gani a teburina, don da yawa ba keɓantaccen talla ne ke damunsu ba. Jiya wani dattijo ya kawo min waya, kowane minti biyu sai saƙo ya faɗo daga sama, wai wayarsa ta kamu da cuta, wai ya ci kyautar mota, har da hotunan da bai iya bari in gani ba sai da ya kife ta a kan tebur. Ya ɗauka sai an yi mata filashin. Da na duba, shafuka goma sha ɗaya ya danna wa "Allow" ba tare da ya san izinin turo sanarwa suke nema ba. Na shiga saitin burauzar, Site settings, Notifications, na cire su duka. Minti uku. Na kuma goge wata manhajar da ke cewa tana wanke waya da wata ta ƙara ƙarfin batir, su ne ke rufe masa fuska da talla ko yana tsakiyar kira. Ban karɓi kuɗinsa ba, ya tsaya yana ta sa min albarka.

Masu layin Najeriya kuma da saƙonnin talla suka addabe su, ku tura STOP zuwa 2442. Tsarin hukumar sadarwa ta NCC ne tun 2016, kyauta ne a kowane layi.

Uwar Biyu: Mai iPhone fa? 'Yata ce ke tambaya.

Mai Gyaran Waya: Settings, Privacy & Security, Tracking, ta kashe "Allow Apps to Request to Track". A ƙasan wannan shafin na Privacy akwai Apple Advertising, ta kashe Personalized Ads. Na Google da na Instagram kuma ta bi yadda na faɗa a sama, iri ɗaya ne.

Dattijon Zaure: Na bar ku kun yi ta ne don ana amfana. Abu guda nake so in ƙara wa 'yata mai tambaya. Waɗanda suka ƙera tsarin nan sun ɗauka waya ta mutum ɗaya ce. A gidajenmu kuwa waya ɗaya uwa ta riƙe, yara su yi wasa, ƙane ya ara ya kira, maƙwabciya ta karɓa ta duba saƙo. Duk abin da wayar ta koya game da ke, gidan ta koya wa. Saboda haka binciken da ya shafi lafiya, ko bashi, ko wata matsalar aure, a yi shi da lura. Malam, akwai hanyar da mutum zai bincika ba tare da ya bar sawu ba?

Mai Gyaran Waya: Akwai, Baba. A buɗe shafin sirri na burauza, wanda Chrome ke kira Incognito, kuma kada a shiga asusun komai a cikinsa. Da an rufe, tarihin da kukis ɗin sun tafi daga wayar. Ba ya ɓoye mutum daga kamfanin layinsa ko shafin da ya ziyarta, amma ga irin matsalar Amarya ya isa. In za a ba yaro waya kuma, yawancin Android suna da App pinning a saitin tsaro, yana kulle wayar a kan manhaja ɗaya har sai mai ita ya buɗe.

Amaryar Bara: Salam, na dawo bayan kwana biyar kamar yadda na yi niyya. Na bi duk abin da Malam ya ce. A wasannin da yarinyar ke buɗewa babu kayan jarirai ko ɗaya yanzu, sai tallan data da na wani banki. A shafin sada zumunta ɗaya ya ci gaba da fitowa har kwana biyu, sai na danna ɗigo ukun da ke saman tallan na zaɓi a ɓoye shi, na kuma rage batun renon yara a Ad topics. Tun jiya ban gani ba. Jerin nan na shafukan da suka kai rahotona kuwa, da na buɗe sai da na zauna, har wani shagon takalma da na leƙa sau ɗaya tun kafin bikina yana ciki.

Jiya na je gida na gaya wa Mama da bakina, duk da ta riga ta ji. Na karɓi wayarta ma na goge mata lambar, na kashe mata sauran, tana zaune kusa da ni ina fassara mata kowane maɓalli kafin in danna. Hajiya Mai Turare, ki turo min hoton humrarki ta akwatin saƙo, ina so in saya wa Mama kwalba biyu.

Hajiya Mai Turare: Na tura, 'yata. Ki duba fara da baƙa, ki zaɓa mata. Allah ya raba lafiya.